Ƙanena Ya Bar Fiziks Ya Nufi Rumbun Masara

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka in faɗi wata magana da ta tsaya mana a gida tun kakar bara, gama na tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba. Cikin masu karanta wannan jarida akwai malamai da akawuna da yawa waɗanda suka ɗauki nauyin karatun ƙannensu ko 'ya'yansu, suna ƙirga kwanaki, suna jiran ranar da yaro zai ƙare ya kama aiki su sami sa'ida. To, yaya mutum zai yi idan yaron ya ƙare, ya zo da takardar shaida a hannu, sa'an nan ya ce shi yanzu ne ma zai shiga wani ilmi dabam?

Ni akawu ne a wani siton 'yan kasuwar hatsi a nan Funtuwa, shekaruna talatin da huɗu. Na yi makarantar mishan a wajen Malumfashi, amma ban wuce sakandare ba, domin mahaifinmu ya rasu ina gab da ƙarewa, sai na kama aiki. Aikina awo da rubutu: buhu nawa ya shigo, daga wace kasuwa, nauyinsa nawa, nawa ya fita. Ƙanena da ke bi mini shi Allah ya ba kan lissafi. Da albashina da ɗan abin da gonarmu ke bayarwa muka riƙe shi shekara huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya har ya sami digiri a fannin fiziks, ya kuma yi shekararsa ta bautar ƙasa yana koyar da yara. Ga wanda bai san fiziks ba, shi ne ilmin da ke binciken zafi da haske da sauti da lantarki da motsi da nauyi, watau dokokin da abubuwa marasa rai su ke bi, kuma rabinsa lissafi ne.

Da ya komo gida sai ya ce mini, "Yaya, ina so in koma makaranta in koyi aikin injiniya a kan abubuwa masu rai." Na ce ya fassara mini da Hausa. Ya ce shi ne a ɗauki awo da lissafi da ƙira irin na injiniya, a yi aiki da su a kan tsiro da dabba da ƙwaro da hatsi. Waɗansu masu wannan ilmi suna ƙera na'urorin asibiti, waɗansu suna gyara iri tun daga ƙwayar gadonsa, waɗansu kuwa suna binciken yadda za a busar da amfanin gona a adana shi kada ya lalace. Shi wannan na ƙarshe ne ya shiga ransa.

Baffanmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, bai ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan, kuma ba zan ɓoye hujjojinsa ba, gama ba na banza ba ne. Ya ce yaro ya yi shekara goma sha shida yana karatu, Innarmu ta tsufa, ƙannenmu mata biyu suna jiran kayan ɗaki, ga aikin koyarwa ana nemansa da shi, me zai sa ya bari ya koma ajin farko? Ya ce in don a koyi ajiye masara ne, ai kakanninmu sun ajiye dawa shekara uku a rumbu ba su san ƙofar jami'a ba. Ya ce kuma, in karatun na farko ya yi amfani me ya sa za a bar shi, in kuwa bai yi ba wa ya ba mu tabbacin na biyu zai yi? Ya rufe da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Tsoronsa na gaskiya, wanda bai faɗa a fili ba amma duk mun gane, shi ne kada a ce a jinginar da gona ko a sayar da shanun huɗa.

Ni na goyi bayan yaron, kuma ga abin da ya sa. Ba daga littafi na samo dalilina ba, daga bakin sikeli na samo shi.

Kowace kaka masara tana shigo mana daga Dandume da Bakori da Kafur da ƙauyukan Malumfashi. Mai saye ya kan tsoma hannu a buhu, ya ɗebo ƙwaya ya ciza da haƙori, in ta yi ƙaras ya ce ta bushe. Wannan gwaji yana da kyau, amma haƙori ba ya ba da lamba, kuma haƙorin mai saye da na mai sayarwa ba su taɓa yarda da juna ba. Na sha rubuta buhu kilo 100 ranar shigowa, bayan wata biyu in ɗora shi a sikeli in tarar ya ragu, ba wanda ya taɓa ɗinkinsa. A kan irin wannan an zargi masu gadi, an zargi 'yan dako, an zargi mu akawuna. Ƙanena ya zauna da fensir ya nuna mini lissafin. Ya ce masarar da ruwan cikinta ya kai kashi 20 cikin 100, to, buhu mai kilo 100 ainihin hatsinsa kilo 80 ne, sauran ruwa. Idan ta bushe ta sauko kashi 13, wanda shi ne haddin da za a ajiye ta lafiya, buhun zai koma kilo 92 ko kusa da haka. Kilo takwas sun bi iska, ba ɓarawo. Ku duba sito mai buhu dubu ku ga hasarar da ake ɗora wa bayin Allah. In kuwa ba ta sami bushewa ba aka jibge ta, sai ta yi zafi daga ciki, funfuna ta kama ta, kuma wani irin funfuna yana haifar da guba mai suna afulatoksin wadda ke ɓata hanta, ba a ganinta da ido, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Na'urar da ke auna ruwan cikin hatsi kuwa da lantarki ta ke aiki, domin jiƙaƙƙen hatsi da busasshe ba daidai su ke karɓar lantarki ba. Wannan fiziks ne tsantsa. Amma sanin ko wane funfuna ne, da yawan laimar da ya ke so, da lokacin da ya ke yin guba, wannan ilmin masu rai ne. Matsalar buhu ɗaya ce, ilmi biyu ta ke nema.

Haka kuma buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka soma yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Mutane da yawa suna tsammani akwai magani a jikin ledar. Babu ko ɗigo. Iskar da mu ke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata shi ne sashen da rai ke bukata. Idan aka ɗaure bakin ledojin tam, ƙwaron wake da ke ciki ya shanye wannan sashe da kansa, sabo ba ya shiga, sai ya daina ci, ya daina haihuwa, ya mutu. Wanda ya tsara wannan sai da ya san yadda iska ke ratsa leda, ya kuma san numfashin ƙwaro. Duk wanda ya taɓa ganin yadda waɗansu ke yayyafa fiya-fiya a kan waken da mutane za su ci ya san wannan buhu ba ƙaramin abu ba ne.

Ba Turawa kaɗai ke irin wannan ba. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwa yana tashi daga jikin tukunyar waje yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa, sai kayan miya da ke ciki su daɗe ba su ruɓe ba. An ba da labarin gautar da ke lalacewa cikin kwana 3 ta kai kwana 27. A kan wannan aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Mutanen Danja masu tumatir sun fi kowa sanin darajar kwana ɗaya.

Game da maganar Baffa ta rumbun kakanni, gaskiya ya faɗa, amma kakanninmu dawa da gero su ke ajiyewa a zangarniya, bayan rana ta gama aikinta a gona. Masara mai yawa baƙuwa ce a ƙasar nan. Dattawa suna faɗi cewa a da 'yar bayan gida ce, ana gasa ta a ci kafin sabon hatsi ya iso. Sai da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, da taimakon Bankin Duniya, aka shigo da taki da sabon iri, sa'an nan ta cika gonaki. Kafin ita kuwa auduga ce sarauniya. Turawan kamfanin BCGA suka kafa gidan gurza a Funtuwa, har yau unguwar tana amsa sunan, aka kawo irin Amurka mai suna Allen ya maye gurbin audugarmu ta gargajiya, aka buɗe gonar yaɗa iri a Daudawa, jirgin ƙasa kuma ya ratsa garin nan daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda yana kwasar dila. Tashar bincike ta Samaru tun 1922 ta ke, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Watau sau biyu cikin shekara ɗari abin da mu ke shukawa ya sake, kuma duka biyun daga hannun masu bincike ya fito. Mu dai namu karɓa ne. Ban ga laifi ba idan wannan karo ɗan gidanmu ya zauna a ɓangaren masu bayarwa.

Sai tambayar Baffa mai wuya, cewa in karatun farko ya yi amfani don me za a bar shi. Amsata ita ce ba barinsa za a yi ba, tafiya za a yi da shi. Ƙanena ya ba ni labarin waɗansu da suka bi wannan hanya, na kuma karanta da kaina. Akwai wani Bature na Ingila, Faransis Kirik, ya sami digirin fiziks a Landan a 1937. Da yaƙin duniya na biyu ya tashi aka sa shi aikin ƙera nakiyoyin ruwa. A 1947, yana da shekara 31, bai san kome na kirki ba game da masu rai, ya tafi Kambirij ya soma koyo. A 1953 shi da Jems Watson suka gano yadda sinadarin gado, wanda ake kira DNA, ya ke a murɗe kamar igiya mai tufka biyu. Sun dogara ga hotunan da Rozalin Faranklin da Moris Wilkins suka ɗauka da hasken nan da asibiti ke duba karaya da shi, kuma karanta irin waɗannan hotuna sai mai lissafin fiziks. Wilkins ma fiziks ya karanta. Aka ba su ukun, Kirik da Watson da Wilkins, lambar Nobel a 1962, ita Faranklin ta riga ta rasu a 1958. Duk gyaran iri ta hanyar ƙwayar gado da ake yi yau daga wannan tushe ya fito.

Wanda ya fi kama da ƙanena shi ne wani mutumin Indiya, Benkataraman Ramakirishnan. Ya yi fiziks a ƙasarsu, ya tafi Amurka ya sami digirin dakta a fiziks a 1976, sa'an nan ya ajiye girman dakta ya koma ɗalibi shekara biyu a Sandiyego yana koyon ilmin masu rai tare da yara. A 2009 ya sami lambar Nobel sabo da binciken yadda ƙwayar halitta ke ƙera furotin. Ban kawo waɗannan sunaye don in ce ƙanena zai zama kamarsu ba. Ni burina bai wuce buhu ya daina ruɓewa ba. Na kawo su ne don a ga hanyar ba ta ɓatattu ba ce, an bi ta an isa.

Amma fa, ya ku masu karatu, kada wani saurayi ya karanta wannan ya ɗauka abin shan ruwa ne. Na ga wahalar da ido. Mai fiziks ya saba da abin da ke bin doka ɗaya kullum: in ka saki dutse yau ya faɗi, gobe ma haka zai faɗi, a lokaci guda. Tsiro ba haka ya ke ba. Ƙanena ya shuka masara layi biyu a kusurwar gonarmu da damina, iri ɗaya, taki ɗaya, rana ɗaya, suka fito kamar ba uwa ɗaya ba. Ya zo yana ƙunci yana cewa awonsa bai daidaita ba. Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna masa cewa layi ɗaya yana kan tsohuwar makiyaya inda shanu suka kwana shekarun baya. A ranar Baffa ne malami. Gwajin fiziks ana iya maimaita shi sau goma kafin azahar, gwajin gona kuwa sau ɗaya ne a shekara, in ruwa ya ɗauke a tsakiya sai baɗi. Ga kuma haddar sunaye, na ƙwari da na funfuna da na sinadarai, wanda mai lissafi ya ke gani kamar hukunci. Ilmin haɗa sinadarai na masu rai ma sai ya soma shi kusan daga tushe.

Akwai kuma maganar takarda. Digirin injiniya a jami'o'inmu shekara biyar ne, na fiziks huɗu, kuma digirin fiziks shi kaɗai ba ya sa hukumar COREN ta rubuta mutum a littafinta na injiniyoyi. Sabo da haka wanda ya ke so ya ƙetara sai ya nemi gada, watau ya yi difiloma ta bayan digiri ya cike darussan da ya rasa, kana ya shiga digiri na biyu. Shekaru ne da kuɗi. Abokansa da suka kama koyarwa za su yi aure su haihu shi yana ɗauke da jaka. Wanda ba zai iya haɗiye wannan ba gara ya tsaya inda ya ke, gama koyar da fiziks aiki ne mai daraja, kuma makarantun ƙauyukanmu suna kukan rashin malamansa.

Abu na ƙarshe da ya ƙarfafa ni shi ne gardamar sabon iri. A 2019 aka fito da wani wake mai suna SAMPEA 20-T daga Samaru, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Faguji Ishiyaku. An sa masa ƙwayar gado daga wata bakteriya da ke zaune cikin ƙasa, don tsutsar nan mai huda fure da kwanson wake ta mutu in ta ci. Masu binciken sun ce feshin da manomi ke yi sau shida ko takwas zai koma sau biyu. Kafin shi an fito da auduga irin wannan a 2018, bayansa kuma masarar TELA a 2024. A bakin sitonmu na ji masu yabo, na ji masu tsoro, har da masu cewa makirci ne na hana haihuwa. Akwai hukuma ta musamman da aka kafa a 2015 don duba lafiyar irin waɗannan, amma manomin Kafur bai san kowa a can ba, bai kuma ga dalilin da zai yarda da wanda bai sani ba. Ni ba na cikin masu zagin mai tsoro, domin abin da zai shiga cikin 'ya'yanka ya cancanci tambaya. Abin da na ke cewa shi ne gardamar ba za ta mutu da rantsuwa ba, sai in muna da 'ya'yanmu da suka iya awo, suka san abin da aka sa da abin da ba a sa ba, su zauna a kan tabarma su yi bayani da Hausa, in da aibu su faɗa, in babu su faɗa. Yaron da aka horar shekara huɗu kada ya yarda da lamba sai ya auna, shi na ke so ya yi mini wannan aiki.

Ga yadda muka ƙare a gida. Baffa ya yarda bisa sharaɗi biyu: ba za a taɓa gona ba, ba za a taɓa shanu ba, kuma kowace damina yaron zai komo ya riƙe fartanya, kada ya zama mai ilmin masara da bai san bayansa ya yi ciwo ba. Shi ƙanena zai riƙa koyar da lissafi da maraice a Zariya ya ci da kansa. Ni kuwa na ɗaga ginin ɗakin da na tara wa bulo, zan biya kuɗin makaranta. Inna ba ta ce kome ba sai addu'a, ta kuma ce a bar masa kusurwar gonar nan ya ci gaba da wasansa.

Ina da roƙo ga shugabannin jami'o'inmu, na Zariya da Katsina da Dutsin-Ma, Allah ya ƙara musu basira. Su bar ɗalibin fiziks ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu na ilmin masu rai ko na aikin gona tun yana aji uku, su kuma bayyana a fili, cikin takarda guda da kowa zai iya karantawa, darussan da mai digirin fiziks zai cike kafin a karɓe shi a sashen injiniyan aikin gona, da tsawon lokacin da zai ɗauka, don iyaye su san abin da za su shirya. Ina kuma roƙon hukumar tallafin karatu ta Jihar Katsina ta tuna da irin waɗannan yara masu ƙetarawa daga wani fanni zuwa wani. 'Yan kasuwar hatsi na Funtuwa da Dandume su ma ina kira gare su, su buɗe wa ɗalibai ƙofar sitocinsu su shigo su auna zafi da laima, ba abin da zai ragu daga buhu. Maigidana ya riga ya yarda, ƙanena zai soma da namu sito da zarar sabuwar masara ta shigo.

Wasalam.

Naka,
Akawun Sito,
Funtuwa.